Zuwa ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai na ƙasar Daura: don Allah mu kai yaranmu su ga giwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da abokan aikina, ranku ya daɗe, ina gaishe ku da aiki, ya fama da yara ya kuma wannan zafi. Ni malami ne, bayoloji nake koyarwa a wata sakandare nan cikin Daura, kuma uba ne kamar da yawanku, to maganar da zan yi ta shafe ni ta fuska biyu, shi ya sa na ce bari in rubuta ta a fili kowa ya gani, mai gyara ya gyara mani.

Akwai ranar da na tambayi 'yan ajina, aji cike, na ce wa ya haddace Alam tara kaifa, kowa ya ɗaga hannu har da masu gyangyaɗi a baya. Na ce a wace shekara aka haifi Manzon Allah (SAW), suka haɗa baki suka ce Shekarar Giwa. Na ce to wa ya taɓa ganin giwa da idonshi, ba a waya ba ba a talabijin ba. Aji ya yi tsit, yaro ɗaya ne ya ce an taɓa kai su gidan zu na Kano yana ƙarami, ita ma ya ce bai tuna kamanninta sosai ba. Wallahi abin ya tsaya mani a rai, don ni kaina da nake tambayar lokacin ban taɓa ganinta a daji ba, shekara da shekaru ina zana ta a allo ina ce ma yara ita ce dabbar da ta fi kowace girma a doron ƙasa. Bakinmu cike yake da giwa, mu ce toron giwa, mu ce giwar mata, mu ce giwa a garin wani zomo ce, maroƙa su wasa sarki da ita ranar Sallar Gani, amma ita kanta dabbar tana ƙarewa a ƙasarmu ba mu ma da labari.

Shi ne ƙarshen ranin nan na tattara ɗan abin da ke hannuna, ni da ƙanena da yarana biyu muka tafi Yankari. Bayan asuba muka bar Daura, muka bi Kazaure, Kano, Wudil, Birnin Kudu, Ningi har Bauchi, daga nan aka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima aka karya kwana sai ƙofar Mainamaji, kuma ko ka shiga ƙofar ba ka iso ba, akwai sauran tafiyar da ta haura kilomita 40 cikin daji kafin ka kai masaukin Wikki. Tafiyar yini ce cur, ba zan ɓoye maku ba akwai gajiya. Amma tun a wannan hanyar ta cikin daji ɗiyata ta daina magana ta liƙe da gilashin mota, yarinyar da ta tashi a inda in ka tsaya bakin gari kana hango gawo ɗaya nan ɗaya can, yau ga ta cikin itatuwa ba iyaka, ta ce mani Baba wa ya shuka su duka.

Ga wanda bai sani ba, Yankari gandun daji ne a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, faɗinshi murabba'in kilomita 2,244. Tun 1956 aka keɓe shi, aka buɗe ma masu ziyara a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991 sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Kogin Gaji ne ya ratsa shi, kuma shi ne ran wurin, in rani ya tsananta ruwa ya ƙafe ko'ina duk dabbobi nan suke gangarowa, shi ya sa daga Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganin su. Akwai ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina, kada, mugun dawa da ke yawo har cikin masauki, ga gwaggon biri da in ka yi sake da ledar burodinka sai dai ka ga ƙurarshi, akwai ma 'yan zakunan da suka rage waɗanda ganin su sai mai rabo.

Fitarmu ta farko da safe ba mu ga giwa ba. Ina faɗin wannan ne don kar wani ya kai yara ya yi masu alkawarin abin da ba a hannunshi yake ba, daji ba gidan zu ba ne, ba a ɗaure take tana jiranka ba. Yarona har ya fara ɓata rai. Sai mai gadin dajin da ke tare da mu ya sa direba ya tsaya, ya nuna mamu ƙasa, ga sawu nan jere cikin laka kowane kamar faifai, nan na gane dalilin da Bahaushe ya ce sawun giwa ya take na raƙumi. Ya ɗauko zare ya zagaye sawun ƙafar gaba, ya ce a ninka tsawon zaren biyu, abin da ya bayar kusan shi ne tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Muka auna ya ba mu santimita 130, yarona da ke gudun lissafi kamar me shi ya riga kowa cewa mita biyu da santimita sittin, ya ɗaga kai yana kallon sama yana ƙiyasta inda tsayin zai kai. Malaman lissafi kun ji fa, da'ira ce da ninki, abin da muke fama da shi a allo zango guda.

Gaba kaɗan ya tsuguna ya fasa kashin giwa da tsinke, wannan dai kashin da muke gani wajen 'yan magori a kasuwa, sai ga ƙwallayen aduwa a ciki lafiya lau ba abin da ya same su. Ya ce haka take yi, ta ci 'ya'yan itace a nan ta je ta kasayar da ƙwallon can nesa tare da takinshi, aduwa da giginya da wasu itatuwa da yawa haka suke yaɗuwa, kuma in ta ratsa kurmi ta buɗe hanya sai ƙananan dabbobi su bi, in rafi ya ƙafe ta tona yashi da haure da hannu ruwa ya tsattsafo, ta sha ta tafi wasu su zo su samu. A nan na ba ɗiyata amsar tambayarta ta jiya, na ce Allah ne ya shuka, amma da yawansu ta hannun giwa ya shuka su. Ni da nake koyar da yadda iri ke yaɗuwa duk shekara ban taɓa samun misalin da ya kai wannan ba.

Sai da yamma, fita ta biyu, Allah ya nufa. Muna gangarawa wajen Gaji mai gadin ya ɗaga hannu aka kashe mota, da farko ƙarar karyewar rassa kawai muke ji, can sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga goma sha ɗaya kafin na rikice, wata babbar uwa a gaba, 'yan ƙanana a tsakiya suna shiga ƙarƙashin cikin manya. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun tafiyarsu, dabba mai wannan nauyi amma ba ka jin takunta. Uwar ta tsaya ta juyo ta buɗe kunnuwa ta ɗaga hannu sama tana shaƙar iskarmu, jikina ya yi sanyi, na ji ɗiyata ta riƙe mani riga tana karanta Alam tara kaifa a hankali, ba wanda ya ce ta karanta. Ban san minti nawa muka yi ba. Da ta gamsu ba cutar da su muka zo yi ba ta juya, sauran suka bi ta. Har muka koma masauki ba wanda ya yi magana a motar nan sai ƙanena da ke ta maimaita subhanallah.

Da dare na zauna da mai gadin nan muka daɗe muna hira, kuma gaskiya abin da ya sa na rubuta wasiƙar nan kenan, ba kallon kawai ba. Garken giwa tsohuwar uwa ke jan shi, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san hanyar da ake bi da wadda ba a bi, in aka harbe ta kamar an ƙona ma garken littafinsu ne. Giwa wata 22 take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya take haifa, sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake, kuma macen sai ta haura shekara goma kafin ta fara haihuwa. To ku lissafa, mu da muka san kiwo, akuya ce da za ta haifa maka biyu biyu ka mayar da asara cikin shekara? In aka kashe giwa goma a wata ɗaya mayar da su aikin shekaru ne masu yawa. Kuma hauren nan da ake kashe ta dominshi haƙori ne, gindinshi can cikin ƙoƙon kai yake, ba a cire shi dabbar na raye, duk ɗan abin ado na haure da ka gani gawa ce a bayanshi.

Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta nuna giwayen Yankari sun kusa 350, cikin shekara goma kacal maharba suka mayar da su tsakanin 100 zuwa 150, kuma a hakan suna cikin garke mafi yawa da ya rage mamu a Najeriya. Ƙasar gaba ɗaya, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirinta na shekara goma na kare giwaye a 2024, abin da aka ce ya rage tsakanin 300 ne zuwa 400, alhali shekara talatin baya sun haura dubu. Ɗaliban makarantarmu kaɗai sun fi giwayen Najeriya duka yawa, ku tsaya ku yi tunanin wannan. Tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, Sin ma da ta fi kowa saye ta rufe kasuwarta a ƙarshen 2017, amma fasa-ƙwauri bai tsaya ba, kuma abin kunya ƙasarmu ta zama hanyar da ake bi da shi, a Janairun 2024 tan biyu da rabi na hauren da aka kama aka niƙe a Abuja.

Amma akwai labari mai daɗi, kuma shi nake so yaranmu su ji da kunnensu. Daga 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga yarjejeniya da Gwamnatin Bauchi ta kama aikin tsaron dajin, aka horar da masu gadi aka ba su kayan aiki da guzurin sintiri, suna shiga daji a ƙafa su yi kwanaki ba su ga iyalinsu ba, aka sa ma wasu giwaye wani abin wuya mai aiko da saƙo ta tauraron ɗan adam, kullum ana ganin inda garke yake a kwamfuta sai a tura masu gadi su bi bayansu. Bayan Mayun 2015 aka jera shekaru ba a samu giwar da maharbi ya kashe ba. Ba turawa suka yi wannan sintirin ba, 'yan ƙauyukan wurin ne, masu Hausa irin tamu, wasu ma iyayensu maharba ne, kuma akwai abokan aikinsu da suka rasa ransu a hannun masu farautar ɓoye, Allah ya jiƙansu. Yaron da ya zauna gaban irin wannan mutum minti talatin ya samu abin da babu shi a littafin da muke raba masu.

Kada kuma a ɗauka na dawo ina ganin giwa ta fi mutum, a'a. Mu manoma ne 'ya'yan manoma, na san abin da ake nufi da mutum ya yi noma damina guda dare ɗaya a share mashi. Babbar giwa tana iya cin abinci kilo 150 a yini, in garke ya faɗa gonar masara ko dawa kafin asuba an gama, kuma hakan na faruwa da ƙauyukan da ke kewaye da Yankari, kamar yadda ake ji a Borno wajen Kala Balge in giwaye suka ƙetaro daga Kamaru. Wanda aka yi ma wannan ɓarna ba za ka je kana mashi wa'azin son dabbobi ba, haƙƙinshi ne a duba shi. Abin da suka yi a can, sun ɗauki mutane cikin ƙauyukan suna lura da motsin giwaye, da sun doso gona a buga waya a taru a kora su da ƙara da fitila kafin su shiga, a Kenya kuma an gano giwa na tsoron zuma sai ake kewaye gona da amya a haɗa su da waya, in ta taɓa wayar zuma ta tashi giwar ta gudu, manomi ya tsira da hatsinshi ga kuma zumar sayarwa, wasu wuraren da barkono suke korar ta. Ga kuma makiyaya da ke shigar da shanu cikin gandun don burtali ya toshe makiyaya ta zama gona. Duk wannan rigimar ƙasa ce da ruwa da ciyawa, irin wadda muke kwana da ita mu tashi da ita a Jihar Katsina, sai dai a can an ƙara giwa a cikin lissafin.

Abin da ya fi ci mani rai kenan da na dawo gida. Kakana, Allah ya jiƙanshi, yana ba mu labarin lokacin da suke fatauci ta yamma, ya ce dajin Rugu in ka shiga rana ba ta taɓa ka, ana ganin sawun giwa ana jin kukan kura, mu muna yara muna ɗauka tatsuniya ce. Yau a ce Rugu a gaban yaro, ba dabba ce za ta zo mashi a rai ba, kun san abin da zai zo. A nan gefenmu kuma, Zango, Baure, Mai'adua, Sandamu, kowa na ganin yadda ake sare itace ana gawayi, yashi na cin gona, iska na tashi ba abin da zai tare ta. Ni a ganina dajin da aka bari ba mai kula da shi ba ya zama haka nan, ko hamada ta gaje shi ko ɓata-gari. Ba cewa nake giwa za ta dawo Daura ba, wannan ya wuce. Amma yaron da ya ga daji mai rai sau ɗaya ya san abin da muka rasa, in ya girma ya zama malamin daji ko kansila ko mai unguwa aka kawo mashi takardar sare gandu zai tsaya ya yi tunani. Yaron da bai taɓa gani ba me zai kare? Kuma addininmu bai bar mu haka ba, a Suratul An'am Allah ya gaya mamu dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa da na mutumin da aka gafarta mashi don ya shayar da kare.

To ga roƙona ranku ya daɗe. Duk shekara muna fitar da yara yawon buɗe ido, a je rijiyar Kusugu a je hasumiyar Gobarau, kuma yana da kyau tarihinmu ne, kar a daina. Amma don Allah makarantu uku ko huɗu su haɗa kai su ɗauki mota ɗaya ko biyu, ko da yara talatin ne a shekara, a kai su Yankari cikin rani. Kuɗin da nauyi na sani, komai ya yi tsada, shi ya sa nake cewa a fara tarawa tun farkon zango kamar adashe, a nemi tsofaffin ɗalibai da masu hali na garin nan su ɗauki nauyin kujera ɗaya ɗaya, kuma a zaɓi yara da ƙoƙarinsu da sha'awarsu, kar abin ya zama na 'ya'yan masu kuɗi kawai, ɗan mai faskare ma ya samu kujera, shi ne ma ya fi kowa buƙatar ganin. 'Yan mata kuma kar a bar su a baya, a haɗa su da malamai mata da iyaye mata biyu ko uku su raka su, na ga abin da tafiyar nan ta yi ma ɗiyata, tun da muka dawo take tambayata me ake karantawa a zama likitan dabbobi.

Maganar tsaro ita ce farkon abin da kowace uwa za ta tambaya, kuma tana da gaskiya, ni ma sai da na yi ta tambaya kafin na ɗauki yarana. A yi tafiyar rana kawai, a kwana Bauchi in yamma ta yi, a tuntuɓi hukumar gandun da jami'an tsaro kafin a tashi, a samu izinin iyaye a rubuce, in an ce lokacin bai dace ba a ɗaga zuwa wata shekarar, ba wanda ke son a kai ɗan mutane cikin haɗari don kallon dabba.

Sai abu na ƙarshe, kuma shi na fi jin tsoro. Muna can wata makaranta ta zo da ɗalibai mota guda, daga saukarsu ruwan Wikki suka faɗa, ruwan kam abin sha'awa ne, garai-garai yake ga ɗumi daidai jiki dare da rana, suka yi wanka suka yi hotuna suka ci abinci suka juya, ba su shiga dajin ba, ba su leƙa ɗan gidan tarihin da ke masaukin ba inda ƙasusuwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace hannun maharba suke, ba wanda ya gaisa da mai gadi ko ɗaya. Raina ya ɓaci don yaran nan an kawo su har bakin abin an mayar da su. In za mu yi kar mu yi irin wannan. A yi sati biyu ana shirya yara a aji kafin tafiya, kowane yaro ya tafi da littafi da biro da tambayarshi, a roƙi hukumar wurin ta ba mu mai gadi ɗaya ya zauna da su da dare, a kwana biyu don in ba a ga giwa yau ba a gwada gobe, in an dawo kuma waɗanda suka je su tsaya gaban asambuli su ba sauran labari, kowane ya dasa aduwa ko kuka ko gawo a harabar makaranta ya yi ta ba shi ruwa har ya gama.

Zaren da muka auna sawun nan na taho da shi, yana rataye jikin allon ajina, yara sun auna tsayin a bango sun sa alama da alli, har 'yan wasu azuzuwa na leƙowa su tsaya ƙarƙashin alamar su ɗaga hannu ba su kai ba. Duk makarantar da ƙungiyar iyayenta za ta zauna taro a zangon nan, in kun ba ni minti goma zan zo da zaren da hotunan da muka ɗauka da lissafin abin da muka kashe a hanya, ba sai an biya ni ko kuɗin mai ba.

Allah ya ƙara maku lafiya, ya raya mamu zuri'a.

Wassalam,
Ɗanku kuma abokin aikinku, malamin bayoloji, Daura.